Ɗakin Bayan Injin Niƙa

Naira arba'in a wata, in ji Goggo Dudu,
ta miƙo mabuɗi ɗaure da zaren buhu.
Ta ce, "Ƙofar sai ka ɗaga ta da ƙafa,
ba ta son a zo mata da ƙarfi."
Haka na shiga Herwagana,
tabarma a hammata,
ƙullin kuka da daddawar Inna tun daga Nafada.

Ɗakin taku huɗu ne, in ka taka a hankali.
Tagarsa tafin hannu biyu,
tana leƙen injin niƙan Yohana ɗan Kaltungo.
Shi ne agogona. Da ya tayar,
bango ya hau rawar ɗari,
ƙasa ta riƙa zubo mini cikin shayi,
in ce sukari ne ya ƙaru.

Daren farko ban runtsa ba.
Babu tarin Baffa daga zaure,
babu ƙanen da zai janye mini bargo.
Na yi kuka kaɗan,
na tuna babu mai ji na,
sai na ƙara.
Da asuba na miƙe ƙafa har ta taɓa bango,
na ce, ashe duk wannan nawa ne.

Tuwona na farko kunu ya zama,
na biyu ya kama,
risho na hayaƙi kamar motar Dukku a kan hawa.
Goggo Dudu ta leƙo, ta shinshina,
ba ta ce uffan ba.
Tun ranar, kwano rufe da faifai
kan jira ni a bakin ƙofa,
bai taɓa shiga lissafin haya ba.

Akwai ɓera. Na raɗa masa Mai Unguwa
don ya riga ni zama.
Muka raba gado tun muna da rai:
ƙanzo nasa, littafin lissafin buhunan wake nawa.
Sau ɗaya ya ci amana,
ya cinye Talata da rabin Laraba,
na sha faɗa a Tudun Hatsi har la'asar.

Damina kuwa, rufin ido bakwai gare shi.
Langa a nan, bokiti a can,
gwangwanin madara a bisa akwati,
kowanne da irin muryarsa.
Ni da Yohana mu takure a kusurwar da ba ta yoyo
muna ɓarar gyaɗa,
yana zancen yarinyar da zai aura
ranar da injin ya biya bashin kansa,
ni ina ƙirga abin da zan aika gida ran Juma'a,
in ƙirga, in sake, ko zai haihu.

Yau ina Tumfure.
Sili fari tas, famfo a tsakar gida.
Sai a kwana ana ruwa ban sani ba,
sai da safe in ga ƙasa ta jiƙe,
in ji kamar an yi biki ba a gayyace ni ba.

Bara na bi ta layin.
Kwari ya cinye rabin gidan,
sauran an mai da shi shagon cajin waya.
Goggo Dudu ta riga mu, Allah ya haskaka makwancinta.
Yohana, an ce, ya koma gona da 'ya'ya biyar.
Na tsaya daidai inda nake shimfiɗa tabarma,
wani yaro ya ce, "Baba, caji ne?"
Na ce a'a, na zo duba wani ne.
Ya ce, "Wa?"
Na rasa ta cewa.

Har gobe, in na zo buɗe ƙofar gidana,
ƙafata kan ɗaga da kanta, kaɗan,
ta nemi gindin ƙyauren.
Maiɗakina ta yi ta dariya,
ni kuwa ban taɓa hana ƙafar ba.